Me Ya Sa Jan Faɗuwar Rana Ba Ya Fitowa a Hotona?

Wani matashi daga Kano ya aiko da tambaya: "Malam, ina sha'awar ɗaukar hoton sama lokacin fitowar rana da faɗuwarta. A watan Janairu sau uku ina hawa Dutsen Dala da yamma, amma ko dai sama ta fito fari fat, ko ƙasa ta yi baƙi ƙirin, jan nan da nake gani a hotunan wasu kuwa ko alamarsa babu. Waya ce da ni, sai wata tsohuwar kyamara ta yayana. Laifin kayan aiki ne? In tara kuɗi in sayi sabuwa?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Tun daga kalmar Janairu na gano rabin matsalarka. Ka je neman ja a lokacin da sama ba ta da shi, kuma ko kyamarar da ta fi kowace tsada a duniya aka damƙa maka, abin da ke gabanta za ta ɗauko.

Hasken rana da muke gani fari, launuka ne a haɗe. Idan ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniya, ƙwayoyin iskar sukan watsa shuɗi fiye da ja, sama da ninki biyar. Shi ya sa sama take shuɗiya da rana tsaka. Wani masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya yi bayanin wannan tun 1871. Idan rana ta yi ƙasa ta kusa faɗuwa, haskenta yakan ratso iska mai kaurin da ya kai kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa in tana tsakiyar ka. Kafin ya iso idonka an tace shuɗin a hanya, sai ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa suka rage. Amma wannan tacewa sai iska tana da tsabta take yin kyau. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ƙwayoyinta manya ne, ba sa zaɓen launi, kowanne watsa shi suke yi. Sakamakon shi ne abin da ka gani a kan Dala: sama ta yi fari-fari ko toka-toka, rana ta koma kamar faifai, ta dusashe, ta ɓace cikin hazo tun da sauran tazara tsakaninta da ƙasa. Mutane da yawa suna zaton ƙura ce ke ƙara wa faɗuwar rana ja. In ƙurar kaɗan ce tana iya ba da ruwan goro mai laushi, amma hazo mai kauri kashe launi yake yi. Abin da ke rikita mutane shi ne labarin aman wutar duwatsu, irin na Pinatubo a Filifin a 1991, wanda bayansa aka daɗe ana ganin jan sama mai ban mamaki a ƙasashe da dama. Wancan ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi da suka haye can ƙololuwar sama, sun sha bamban da ƙurar da ke shiga mana hanci.

Lokacin da za ka samu abin da kake nema a ƙasarmu shi ne farkon damina bayan an yi ruwa biyu ko uku sun wanke sama, sai kuma ƙarshenta, daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, kafin iskar hunturu ta juyo. A wurina kaka ta fi. Iska a wanke take, ga ragowar gajimare, ga dawa da gero sun fitar da kai, ƙasa ba ta riga ta ƙone ba. Marka ta Agusta kuwa sau da yawa sama a rufe take ruf, sai ka yi kwana uku ba ka ga inda rana ta faɗi ba.

Gajimare shi ne allon da rana ke zuba launi a kai. Sama tas babu ko ɗigo ba ta ba da komai sai ɗan ruwan goro a ƙasa-ƙasa. Wanda kake so shi ne na can sama, mai kama da audugar da aka shaɓa ko ɓawon kifi, domin shi ne hasken rana ke dukan cikinsa daga ƙasa bayan ta faɗi. Sharaɗi ɗaya ne: can inda rana za ta faɗi, dab da inda sama ta haɗu da ƙasa, a samu 'yar kafa babu gajimare. Ta wannan kafa hasken zai bi. In ka ga baƙin bango ya tokare yamma har ƙasa, koma gida ka huta.

Akwai wani abu da ba za ka samu a bidiyoyin koyar da hoto na Turawa ba, domin yanayinsu ya saɓa da namu. Su yawancin hadarinsu daga yamma yake zuwa. Mu kuwa kowane manomi ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Wannan yana da amfani biyu gare ka. In hadari ya haɗo da la'asar sakaliya, yamma tana buɗe, to juya wa rana baya ka dubi gabas: hasken faɗuwar rana zai daki tulin gajimaren nan ya mai da shi kamar garwashi a sama, ƙasansa baƙi, wani lokaci har da bakan gizo. Wasu daga cikin hotunan da na fi so a cikin nawa, rana ma ba ta cikinsu. Na biyu, in an kwana ana ruwa, da asuba hadarin ya riga ya wuce yamma, gabas ta washe, ragowar gajimaren na bisa kanka. Irin wannan safiya ba a barci. Sai dai in ka ji tsawa, sauko daga kan dutse, kada kuma ka fake a gindin bishiya. Hoto bai kai rai ba.

Sai maganar lokaci, inda yawancin masu farawa ke yin asara. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana kusan a tsaye take faɗuwa. Daga lokacin da gindinta ya taɓa ƙasa zuwa ɓacewarta, minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan zuwa lokacin da duhu zai fara rufe abubuwa, minti 21 zuwa 23 ne kawai. A Landan a watan Yuni wannan tazara takan kai wajen minti 45. Don haka in ka ji Bature yana maganar awa guda ta haske mai laushi, ka sani ba da kai yake ba. Kai abin da kake da shi bai wuce shan shayi kofi ɗaya ba. Ka isa wurin da minti 40 kafin faɗuwar rana, ka zaɓi inda za ka tsaya, ka gwada, ka gyara, domin in abin ya fara babu lokacin neman wuri.

Kuma mafi kyan launi bayan rana ta ɓace yake zuwa, yawanci tsakanin minti 5 zuwa 20. Wannan ja da ke saura a yamma shi ne shafaƙi, wanda malaman fiƙihu na Malikiyya suka ce ɓacewarsa ce ke shigar da lokacin Isha'i. Ni kaina na sha wannan darasi a kan Dalar nan da kake hawa. Wata rana a Oktoba na ga rana ta faɗi babu wani abin a zo a gani, na naɗe kayana na sauko. Ina isa gindin dutsen na ɗaga kai, sai na ga sama ta kama da wuta tun daga kan Goron Dutse har bisa kaina. Kafin in ciro kyamara in nemi inda wayoyin lantarki ba su tare ba, jan ya mutu. Tun daga ranar ban sake barin wuri ba sai na ga jan ya koma toka.

Za ka ce ai wannan lokacin sallar Magariba ne, kuma lokacinta ƙurarre ne. Gaskiya ne. Ni da buta da darduma nake zuwa, in yi alwala tun da wuri, in kafa kyamara in sa ta riƙa ɗauka da kanta duk bayan daƙiƙa goma, in yi sallata a gefe. In kuwa ba ka son rasa jam'i, koma wa safiya. Abin da ke faruwa da yamma shi ne yake faruwa da safe, a juye: launi yakan fara minti 20 zuwa 25 kafin rana ta ɓullo. A Kano rana tana fitowa tsakanin wajen ƙarfe 6 a Yuni da kusan 7 saura minti 10 a ƙarshen Janairu, kiran Asuba kuma yana gabanta da sama da awa guda. Ka idar da salla ka fita, kana da isasshen lokaci. Safiya tana da wata riba ma. Ƙurar motoci da hayaƙin girki sun kwanta cikin dare, iska ba ta motsi, ruwan dam ko na kududdufi yana kwance kamar madubi, sama ta fito sau biyu a hoto ɗaya. Je bakin Dam ɗin Tiga da sassafe a kaka ka gani.

Yanzu ga ɗaya rabin matsalarka, fari fat ko baƙi ƙirin. Idon mutum yana iya ganin sama mai haske da ƙasa mai duhu a lokaci guda domin yana gyara kansa duk inda ya kalla. Kyamara ba ta iyawa. Bambancin haske tsakanin saman da ke kusa da rana da inuwar gidajen da ke ƙasa ya fi ƙarfinta, dole ta zaɓi ɗaya. In ka bar ta ta zaɓa, sai ta ga duhun ƙasa ya yi yawa ta ƙara haske, sama ta ƙone. Abin da ya ƙone fari kuwa ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi, alhali duhu ana iya ɗaga shi kaɗan daga baya. Saboda haka kai za ka zaɓa mata, kuma sama za ka zaɓa.

A waya abin mai sauƙi ne. Taɓa fuskar wayar a kan wani yanki na sama mai haske, gefen rana, ba kan ranar ba. Wata 'yar alamar rana ko sanda za ta fito, ja ta ƙasa har sai ka ga launi ya cika, gajimare ya fito da zanensa. A wayoyi da yawa in ka danne yatsa na ɗan lokaci, ma'aunin yakan kulle, ba zai canza ba ko ka motsa. Wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da yawa suna da sashen da aka rubuta Pro, a nan za ka ga EV, wato ma'aunin ƙara haske ko rage shi, ka mai da shi -1, in bai isa ba -2. Kafin duk wannan, goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Maiƙon yatsa shi ne ke jawo dogon zaren haske da dishi-dishin nan da mutane ke ɗora wa waya laifinsa.

Akwai kuma wani ɓarawon launi da ba a cika lura da shi ba, ma'aunin launi, wanda ake rubutawa WB. In yana kan AWB, wato an bar mata ta zaɓa da kanta, kyamara takan ɗauka jan nan kuskure ne, sai ta zuba masa shuɗi don ta mai da shi fari. Kai kana neman ja, ita tana wanke shi. Cire shi daga nan ka sa a kan alamar rana, ko alamar gajimare in kana son ya ƙara ɗumi. In lambobi ne, tsakanin 5500 da 6500 ya yi. Wannan gyara kaɗai yakan canza hoto fiye da sayen sabuwar waya.

Ita kuwa kyamarar yayanka, kada ka raina ta. Sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin kama haskenta, a 100. Ƙofar haske, wadda ake rubuta lambarta da f, ka bar ta a f/8 zuwa f/11, nan ne gilashi ya fi kaifi, kuma na kusa da na nesa duk za su fito. Nufi sama gefen rana, ranar tana wajen hoton, ka auna haske a nan, sannan ka juyo ka tsara hotonka. Kafin faɗuwar rana za ka ga saurin ɗauka yana wajen 1/250 na daƙiƙa, amma minti 15 bayanta zai iya kai daƙiƙa ɗaya ko fiye, hannu kuma ba ya riƙe wannan ba tare da rawa ba. In ba ka da abin kafa kyamara mai ƙafa uku, cika tsohuwar safa da shinkafa ko wake ka ɗaure, ka ɗora a kan dutse ko katanga, ka kwantar da kyamarar a kai, ka sa ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don kada taɓawar yatsanka ta girgiza ta. Na yi shekaru da wannan safa kafin in sayi na kanti. In kyamarar tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, yi amfani da shi, domin yana ajiye bayanin launi da na inuwa da JPEG, hoton da aka saba, ke zubarwa. Ka riƙa duba zanen tudun nan da ke nuna yawan haske, musamman na ja in kyamarar tana rarraba su: ja ne ke fara ƙonewa, sai ka ga wurin ya zama facin ruwan ɗorawa babu zane. In kuma lallai kana son sama da ƙasa duk su fito, ɗauki hoto uku ba tare da motsa kyamara ba, ɗaya a -2, ɗaya a 0, ɗaya a +2, ka haɗa su a kwamfuta. Abin da HDR na waya ke yi ke nan da kansa. Yana da amfani, amma yakan wuce gona da iri ya haskaka ƙasa kamar da hantsi alhali sama tana magariba, kowa ya gani ya san ba haka Allah ya yi ta ba.

Ni ra'ayina, mai farawa ya daina yaƙi da duhun ƙasa, ya mai da shi abokin aiki. Bar ƙasa ta yi baƙi, amma ka nemo abin da surarsa za a gane ko babu launi. Allah ya hore mana irin waɗannan. Kuka da ta zubar da ganye, giginya, goruba mai rassa biyu-biyu, dabino irin na Dutse, zankwayen tsofaffin gidaje, hasumiyar masallaci, rumbu, masunci a tsaye cikin kwalekwale, shanu masu dogayen ƙaho suna komawa ruga. Gawo ma abin so ne, don shi da damina yake kaɗe ganyensa, daidai lokacin da sama ta fi kyau, sai rassansa su fito kamar zanen alƙalami. Dabarar ita ce ka durƙusa ƙasa har abin ya rabu da duhun da ke bayansa ya hau kan sama. In saniya biyu suka haɗe, hoton ya zama dabba mai ƙafa takwas, jira su rabu. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kuma kada ya karkace, kada ka raba hoton biyu daidai da shi. In sama ce mai labari, ba ta kashi biyu cikin uku ko fiye.

Wannan ma shi ne aibin tsayawa a kan Dala. Daga sama komai yana ƙarƙashinka, rufin kwano ne birjik cikin duhu, babu abin da ya tsaya ya ratsa sama. Wani lokaci gara ka sauko ka sa dutsen kansa a cikin hoton. Ka kuma tuna rana ba a wuri ɗaya take faɗuwa ba. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne take faɗuwa yamma sak. A Yuni takan karkata wajen digiri 24 zuwa arewa, a Disamba haka zuwa kudu. Bishiyar da ka ga rana ta faɗi bayanta yau, bayan wata biyu ta yi nesa da ita. Manhajoji irin su PhotoPills suna nuna wannan a kan taswira, amma tsohon da ya shekara hamsin yana noma gona ɗaya zai nuna maka da sandarsa.

In ƙatuwar rana kake so a bayan bishiya, wannan aikin dogon gilashi ne, daga milimita 200 zuwa sama, kana tsaye nesa da bishiyar. Babbar kyamarar waya daidai take da wajen milimita 26, shi ya sa rana ke fitowa kamar ƙwayar gero. A wayar da ba ta da dogon gilashi, zuƙowa da yatsu biyu ba ya ƙara komai sai dishi-dishi. A nan ne ma hazon Janairu yake da ranarsa: faifan ranar nan da ya dusashe, a bayan giginya ko raƙumi, hoto ne na kansa, ba ya bukatar ja. Sai dai kada ka taɓa leƙa rana ta 'yar tagar ido da dogon gilashi, yana tara haske ya ƙona ido, duba ta fuskar kyamara. Kuma kada ka canza gilashi a fili da hunturu, ƙurar da ta shiga ciki za ta riƙa fito maka ɗigo-ɗigo a kan sama a kowane hoto.

Wajen gyara, Snapseed ko Lightroom na waya sun isa. Rage hasken wuraren da suka fi haske, ɗaga inuwa kaɗan, miƙe layin ƙasa, shi ke nan. Sandar ƙara launi ka taɓa ta da tsoro. Yawancin hotunan da kake gani a Facebook da Instagram an loda musu ita ne har sama ta koma kamar manja, kada ka auna naka da su.

Kula kuma da inda kake nufa da kyamara. Barikin soja, shingen bincike, gada, bangon dam, duk wuraren da ake iya tsare ka ne a yi ta tambayoyi, an taɓa sa ni na goge hotunan yamma guda saboda ban nemi izini ba. Makiyayi ko mata a bakin rijiya, yi sallama ka tambaya kafin ka ɗaga waya. Halin tsaro kuma ka san shi, kada almuru ya same ka kai kaɗai a dajin da ba a san ka ba, tafi da ɗan gari.

In ka ɗauko wanda ya yi maka, kada ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi, sai launin sama da ke narkewa a hankali ya koma layi-layi kamar tabarma. Tura shi a matsayin fayil, nan wurin da ake aika takardu. Ka turo mini guda biyu ko uku in Allah ya kai mu Oktoba, da lambobin da ka ɗauka da su, mu duba tare.